Hukuncin kallon finafinan kimiyya ga wanda aikin ofis ya ishe shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege, ina aikin lissafi a wani ofis a Victoria Island. Kafin asuba nake fita, ba na dawowa sai bayan isha'i saboda cunkoso. Aikin ya fita raina. Abin da nake samun sauƙi da shi shi ne shirye-shiryen talabijin masu dogon zango na ƙagaggen labarin kimiyya: kumbo, halittun wasu duniyoyi, mutum-mutumi mai tunani, komawa zamanin da ya wuce. Nakan kai ƙarfe biyun dare ina kallo, wani lokacin har a ofis a waya. Ya halatta? Kuma ina da mata da yara, zan iya ajiye aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ƙagaggen labari ba ya shiga ƙaryar da aka haramta matuƙar mai bayarwa da mai saurare duk sun san ƙage ne. Maƙamatul Hariri, littafin labarai na adabin Larabci da ake karantawa a zaurukan malamanmu, Abu Zaid ɗin da ke cikinta ƙirƙirarsa aka yi, kuma malamai sun yi ɗaruruwan shekaru suna karantar da ita. Tunanin cewa akwai halittu a wajen duniyarmu ma bai ci karo da aƙida ba. Allah ya ce a Suratun Nahli, aya ta 8, yana halittar abin da ba ku sani ba. A Suratush Shura, aya ta 29, ya ambaci dabbobin da ya watsa a sammai da ƙasa. Ba mu tabbatar da abin da fim ya zana, ba mu kuma iyakance ikon Allah. Saboda haka asalin kallon halal ne, in babu tsiraici ko izgili ga addini. Inda labari ya nuna ɗan Adam ya busa rai ko ya kuɓuce wa mutuwa, ka riƙe a zuciya cewa wannan ɓata ne. In ka ji yana girgiza maka imani, barinsa ya zama wajibi a kanka.

Amma abu biyu a tambayarka sun fi damuna. Na farko kallo a ofis. Kai a fiƙihu ɗan ƙodago ne da aka yi ijara da lokacinsa, sa'o'in nan ka riga ka sayar da su. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida ku cika alƙawura. Kallo a lokacin aiki ba da izini ba cin amana ne, kuma yana gurɓata albashin, ko da maigidan yana ƙuntata maka. Lokacin hutun rana naka ne. Na biyu, mutumin da zai bar Agege kafin asuba, ya kwanta ƙarfe biyu, yaushe ya yi barci? Da wane ƙarfi zai yi sallah, yaushe yaransa suka ga fuskarsa? Annabi (SAW) ya ce jikinka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka ma haka. Halal ɗin da ya cinye wajibi ya tashi daga halal.

Ni a ganina fim ɗin mafaka ce kake gudu cikinta, ciwon yana ofis. Labarin komawa baya a gyara abin da ya wuce yana da daɗi ga mai da-na-sani, alhali a hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito an hana mu cewa "da na yi kaza da kaza ta faru", domin tana buɗe aikin Shaiɗan. A hadisin nan dai aka ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya.

Barin aiki ya halatta, shari'a ba ta ɗaure kowa a kan tebur ɗaya ba. Sai dai ciyar da iyali wajibi ne, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa. A Legas, inda ake biyan kuɗin haya na shekara gaba ɗaya, kada ka saki reshe ka kama ganye. Ka samu wata madogara tukuna, ka yi istihara, ka shawarci matarka, ka ba da sanarwa yadda yarjejeniyarku ta tanada. Sa'o'in da kake ba wa fim kullum, mayar da rabinsu ga koyon wata sana'a ta kwamfuta tunda zuciyarka na son kimiyya, ko neman aiki a Ikeja kusa da gida. Sauran kallon ka bar shi zuwa Asabar da Lahadi. Wallahu a'alamu.