Gem Ɗin Yayana Ya Mutu da Hujjar Gona a Ciki: Ina da Ikon Fasa Shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ina rubuto maka ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Dambatta. Allah ya yi wa yayana rasuwa bayan babbar sallah. Ya bar mahaifiyarmu da matarsa da yara uku ƙanana, namiji ɗaya mata biyu. Gidan gem yake da shi a bakin kasuwa. Akwai PlayStation 3 guda da ya ajiye a gida, ya tura hotuna da bidiyo daga wayarsa ciki don su riƙa kallo a talabijin. A cikinsu akwai bidiyon ranar da ya biya cikon kuɗin wata gona a gaban shaidu. Yanzu 'ya'yan wanda ya sayar masa sun taso wai da sauran kuɗi. Wayar ta ɓata tun yana da rai, na'urar kuma janareta ya ƙona ta. Na ciro faifan ajiyar da ke ciki na kai wa mai kwamfuta, bai ga komai ba. Wani mai gyara a birni ya ce in bar masa zai canza fanel, wato babban allon kayan lantarkin da ke cikin na'urar, ya yi mata hakin, ma'ana ya fasa kullen manhajarta, wani kuma ya ce min yin haka laifi ne. Mene ne matsayina a doka?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka, ya raya abin da ya bari. Malam, kafin mu shiga doka, in har na'urar tana hannun mai gyaran nan, ka kira shi yau ka ce kada ya canza fanel, kada kuma ya saka faifan a wata na'urar. Ga dalili.

Tun da kamfanin Sony ya fitar da PlayStation 3 (PS3) a 2006, duk abin da ta rubuta a faifanta a kulle take rubuta shi, kuma makullin na kowace na'ura daban ne, yana cikin fanel ɗinta. Haka PlayStation 4 da ta fito a 2013. Kwado ne da aka ƙera wa mabuɗi ɗaya tak. Shi ya sa kwamfuta ba ta nuna komai ba. Abin da Windows kan yi shi ne ta ce faifan sabo ne, ta nemi izinin shirya shi, kuma danna "eh" a wurin ɓarna ce. In aka saka shi a wata PS3 ɗin, ita ma fomatin za ta nema. In kuwa aka jefar da tsohon fanel aka sa sabo, na'urar za ta tashi lafiya lau, yara su ci gaba da buga ƙwallo, amma bidiyon gonar ya tafi ke nan, domin mabuɗinsa ya bi tsohon fanel. Wannan shi ne abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka, fiye da maganar laifi.

Sai tambayar da ba ka yi ba, wadda ita ce ta farko a wurin alƙali: na'urar ta waye? Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. A rabon gado na Musulunci, wanda shi kotunan shari'a na Kano ke aiki da shi bisa mazhabar Malikiyya, ɗan'uwa ba ya gado in mamaci ya bar ɗa namiji. Bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, mahaifiyarku tana da sudusi, matarsa tana da sumuni, sauran na yaran ne, namiji rabon mata biyu, kamar yadda ya zo a aya ta 11 da ta 12 ta Suratun Nisa'i. Ke nan wannan PS3, da sauran na'urorin shagon, da talabijin, da janareta, da ita kanta gonar, dukiyar magada ce, kuma mafi yawanta ta marayu ce. Kasancewarka baffansu bai ba ka ikon sarrafa dukiyarsu kai tsaye ba. A Malikiyya wannan iko na uba ne, sai wanda uban ya yi wa wasicci, sai alƙali ko wanda alƙali ya naɗa. Na san a ƙauye ƙanin mamaci shi ke ɗaukar wahalar komai, kuma da niyyar alheri kake yi. Amma in na'urar ta lalace a hanyar da kai ka zaɓa ba tare da izini ba, kai za a tambaya, wata rana ma yaran da kansu.

Gyaran wannan ba shi da wuya. Ku zauna da mahaifiyarku da matar marigayi a gaban mai unguwa ko limami, a rubuta takarda cewa sun amince ka kai na'urar gyara don a ciro hotuna da bidiyo, a sa lambar da ke jikin na'urar, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Tunda kuwa akwai marayu kuma ga rikicin gona, abin da ya fi shi ne a shigar da maganar gadon a kotun shari'a, a nemi alƙali ya naɗa wanda zai kula da dukiyar yaran. In kai aka naɗa, ka samu ƙafar tsayawa a kan na'urar da gonar gaba ɗaya.

Yanzu maganar laifi. Wanda ya tsorata ka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma ya haɗa abubuwa biyu da doka ta raba. Na farko Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Sashe na 6 ya haramta shiga kwamfutar wani da gangan ba tare da izini ba, kuma hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 5 ko tarar naira miliyan 5, ya haura haka a wasu yanayin. Na'urar gem kwamfuta ce a ma'anar dokar. Sai dai jigon laifin shi ne rashin izini da mugun nufi irin na zamba. Masu abu sun ce a buɗe musu abinsu don su ɗauki hotunan iyalinsu, ban ga ta inda wannan sashe zai kama su ba. Ka ga amfanin takardar izinin nan ke nan: ita ce ta raba ka da wanda ya ɗauki na'urar mutane a ɓoye. Inda nake so ka yi hattara shi ne asusun marigayi na PlayStation Network, wato asusun intanet na Sony da ake sayen wasanni ta cikinsa, da imel ɗinsa. Kada ka tuntuɓi kamfani a matsayin kai ne shi don a canza maka kalmar sirri, domin sashe na 22 na wannan doka ya yi magana a kan sojan gona. Wasannin da ya saya ta asusun ma, a ƙa'idar kamfanin lasisin amfani ne aka ba shi shi kaɗai, ba kaya ba ne da za a sa a rabon gado.

Na biyu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. Sashe na 50 ya hana karya kariyar fasaha da aka sa wa aikin da ke da haƙƙin mallaka, ya kuma hana ƙerawa ko sayar da kayan karya ta. Abin da ake kira hakin, wato sauya manhajar na'ura don ta karɓi wasannin da ba a saya ba, nan ya faɗa. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa ce ke bin irin wannan, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'arsa. Kamfanin ma ba ya wasa da batun. A 2011 Sony ya kai wani matashi George Hotz kotu a Amurka saboda ya wallafa hanyar fasa PS3 a intanet, daga baya suka sasanta a wajen kotu a shekarar. Amma ka lura, bidiyon da yayanka ya ɗauka da wayarsa ba na Sony ba ne, nasa ne, yanzu kuma na magadansa. Ra'ayina a matsayin lauya shi ne wanda ya ciro nasa bidiyon kawai yana da hujja mai ƙarfi, wanda kuwa ya cika faifai da kwafin wasanni yana karɓar kuɗin yara a kansu ba shi da ita. Mu faɗa wa juna gaskiya, gidajen gem da yawa a garuruwanmu da irin waɗannan na'urori suke aiki. Yawan masu yi bai halatta shi ba, kuma in za ka ci gaba da riƙe wa marayu shagon, wannan abu ne da ya kamata ka duba.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne, a halin da kake ciki hakin ɗin ba shi da wani amfani. In aka gyara asalin fanel na'urar ta tashi, ba sai an fasa komai ba. A saka filashi mai tsarin FAT32, wato tsarin ajiya da na'urar ke iya karantawa, a shiga wurin hotuna da bidiyo, a kwafe su, na'urar da kanta ta ba da wannan dama. In kuwa fanel ɗin ya mutu murus, babu abin da za a fasa, domin sai na'urar tana aiki ake iya zaro makullinta. Wuri ɗaya ne kawai zaro makullin ke da amfani: na'ura ta tashi amma tsarin faifan ya rikice har ta kasa karanta shi. A nan ne za a iya buƙatar makullin don a karanta faifan a kwamfuta, kuma in an kai nan, ka sa a rubuta a takardar aikin cewa manufar ita ce ciro bayanan iyali kaɗai. Tunda janareta ne ya yi ɓarnar, ka sa a fara duba ɓangaren wuta, wanda za a iya canzawa ba tare da an taɓa fanel ba. Kafin komai kuma, mai kwamfuta da ya san aikinsa zai iya ɗaukar kwafin faifan sukutum zuwa wani faifan. Kwafin zai kasance a kulle shi ma, amma in wani ya yi kuskure a kan na asali, akwai abin komawa.

Game da mai gyara, doka tana tare da kai fiye da yadda mutane suka ɗauka. Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa mai sana'a da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa yana lamunin su in sun salwanta, sai in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018 ita ma ta ba ka haƙƙin a dawo maka da kayanka a yanayin da bai gaza yadda ka bayar ba. In ya sayar da faifan ko ya musanya shi, wannan cin amana ne, laifi a dokar Penal Code. Amma ga inda matsalar take: kotu za ta iya sa shi ya biya kuɗin na'ura, ba za ta iya sa shi ya dawo da bidiyon da aka goge ba, kuma ƙiyasta darajar bidiyo da kuɗi abu ne mai wahalar tabbatarwa. Don haka kariyarka tana gaban aiki, ba bayansa ba. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'ura da ta faifai, a rubuta ƙarara cewa ba a yarda da fomatin ko canjin fanel ba, ka ɗauki hoton komai. Mafi kyau ma ka riƙe faifan a wurinka, ya gyara na'urar da wani faifan gwaji, sai ta tashi ka kawo na asali a mayar a gabanka.

Wannan na ƙarshen yana da wani dalili da ba na so ka raina. A cikin faifan akwai hotunan matar aure a cikin gidanta, da na yara. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da na gidansa, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk wanda bayanan mutane suka shiga hannunsa ta hanyar sana'a. Ko babu doka ma, addini ya hana bin diddigin sirrin mutane. Kada a buɗe a shago cike da samari. Ni da zan ba da shawara, a kai na'urar gida matar ta zaɓi abin da za a kwafa, kai ka karɓi bidiyon gonar kaɗai.

In bidiyon ya fito, kada a yanke shi, kada a tura shi ta WhatsApp a ce shi ne na asali, domin turawar tana rage shi tana kuma goge bayanan da ke jikinsa. A ajiye na'urar da faifan yadda suke, a rubuta wanda ya ciro shi da ranar da aka ciro. In shari'ar ta je babbar kotun jiha, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayani a kan na'urar da ta fitar da shi da takardar tabbatarwa. A kotun shari'a kuwa, a ƙarar da ba ta laifi ba, ƙa'idojin shaida na Musulunci ake bi, kuma a can shaidu adalai su ne ginshiƙi, bidiyo mai ƙarfafawa ne.

Saboda haka kada ka rataya gonar marayu a kan na'urar da ba a san ko za ta tashi ba. Mutanen da suka zauna a wurin biyan kuɗin nan, ka neme su tun yanzu suna raye suna kuma tunawa, ka rubuta sunayensu. Ka tambayi mai unguwa da dagaci ko an yi takardar ciniki, domin da wuya a sayar da gona a ƙauye ba su sani ba. Ka bincika ko marigayi ya tura wa wani bidiyon, ko yana cikin wani tsohon memori a ɗakinsa, in kuma ta banki ko POS ya biya, wanda kotu ta naɗa zai iya neman bayanan asusunsa. Ka tuna kuma su ne masu da'awar cewa akwai sauran bashi a kan wanda ya rasu, ga gona a hannunku, don haka su ma akwai abin da alƙali zai nema daga gare su. Kada ka biya ko sisi daga dukiyar yaran, kada kuma ka sa hannu a wata takardar sulhu, ko a gaban Hisbah ko a gaban dagaci, sai kotu ta tabbatar da wanda ke da ikon magana da yawunsu. In kuɗin lauya ya yi muku nauyi, ka je ofishin Legal Aid Council da ke Kano da takardar shaidar rasuwa da sunayen shaidun, ka nemi su duba ko za su karɓi ƙarar.