Wenceslas: Sarki Za a Kira Shi? Kuma 'Yan Ubanci Ne Ya Ci Shi?

Tambayar wannan mako daga Wusasa ta Zariya ta fito. Wata malamar makaranta ce ke shirya wa yara labarin Wenceslas, mai mulkin Bohemiya (a ƙasar Czech ta yau) da ake rera waƙarsa lokacin Kirsimeti. Ta ce: "An gaya mini ba cikakken sarki ba ne, to me zan kira shi da Hausa? Kuma tunda ƙanensa ne ya sa aka kashe shi, in ce 'yan ubanci ne?"

Malama, ki kira shi sarki, hankalinki kwance. Gaskiya ne a tsarin Turai na lokacin muƙaminsa bai kai na mai kambi ba, kuma a shekarar 929 ya yarda da biyan haraji ga Henry, sarkin Jamus. Amma kalmar sarki a Hausa tana da faɗi. Muna da sarkin yanka, muna da sarkin pawa da sarkin kasuwa. Sarakunan Kano da Zazzau sun yi mubaya'a ga Sakkwato, ba wanda ya daina ce musu sarki. Hakimi ya yi masa kaɗan, yarima kuwa ɗan sarki ne mai jiran gado, shi ko Wenceslas ya hau ya yi mulki a birnin Prague.

Tambayarki ta biyu ta fi ɗaukar hankalina. Ɗan uba shi ne wanda kuka haɗa uba amma kowa da ɗakinsu, daga nan aka sami 'yan ubanci, wato gasa da ƙyashin da ke tasowa tsakanin 'ya'yan kishiyoyi. To Wenceslas da ƙanensa Boleslav uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, 'ya'yan Vratislav da Drahomira ne. Shaƙiƙai ke nan, irin waɗanda Bahaushe ke nufi tun asali in ya ce ɗan'uwa, wato ɗan uwarka, wanda aka ce rabin jiki ne. Wannan ne ya sa labarin ya fi ciwo. Boleslav ya gayyaci wansa biki a garinsa, Stará Boleslav. Da sassafe ranar 28 ga Satumba, a shekarar 935 bisa lissafin yawancin masana tarihi, Wenceslas na kan hanyar zuwa sujada, mutanen ƙanen suka far masa a ƙofar coci. Ba ranar aka fara zubar da jini a gidan ba: kakarsu Ludmila, wadda ta reni Wenceslas a kan addinin Kirista, an shaƙe ta a 921, kuma surukarta Drahomira ake ɗora wa alhakin.

Na san yau mutane kan ce 'yan ubanci ga kowace gaba ta cikin gida, har tsakanin jam'iyyu. A hira ba laifi. A gaban yara masu koyon harshe kuwa, na fi son ki ce cin amanar zumunci saboda kwaɗayin sarauta.

Waƙar kanta wani limamin coci ɗan Ingila, John Mason Neale, ya rubuta ta a 1853. A cikinta sarki ya fita da dare cikin dusar ƙanƙara ranar 26 ga Disamba don kai wa wani talaka abinci da itacen wuta. Sanyi ya kusa kayar da baransa, sai ya ce masa ya riƙa sa ƙafa inda shi ya ɗaga tasa. A nan kada ki nemi wata kalma, bin sawu za ki ce. Yaran sun san ta da ma'anar koyi da na gaba, sai ki nuna musu sawun na zahiri a ƙasa tukuna.