Mafarkin biri ya sa na fara zargin ƙanwar mijina

Assalamu alaikum Anti. Da fatan kina lafiya, ya jama'a? Allah ya saka miki da alheri.

Ni matar aure ce mai ɗa ɗaya, yanzu kuma ina ɗauke da ciki wata bakwai. Da jikina ya yi nauyi, maigida ya je garinsu ya taho da ƙanwarsa 'yar shekara 14 don ta kama min aiki, ya kuma sa ta a makaranta. Tsakani da Allah yarinyar ba ta da ƙiwa.

Bayan zuwanta na fara wani mafarki da ke ta maimaituwa. Sai in ga jan biri ya ɗaga labule ya shigo ɗakina, ya buɗe akwatina yana zaro kayan jariri yana watsarwa, yana kallona yana yage baki. In yi in yi in ƙwala ihu, murya ta ƙi fita. Wani daren har cizona ya yi a hannu. Ina farkawa jiƙe da gumi. Ni ba baƙuwar biri ba ce, a ƙauye na tashi, mu ake turawa gona jiran biri da gwangwani idan masara ta fara nuna. Amma wannan ya tsorata ni.

Na faɗa wa maƙwabciyata, ta duba fassarar mafarki a wayarta ta ce biri mayaudari ne ko ɓarawo a cikin gida. Ta tambaye ni wa ya shigo gidana kwanan nan. A satin ne kuma na nemi dubu biyar ɗin adashena a ƙarƙashin katifa na rasa. Ta ce to, biri ya yi kama da mutum. Ta raka ni wurin wani mai duba, ya buga ƙasa ya ce dangin miji ne suka turo yarinyar da asiri don cikin ya lalace, in kawo baƙin bunsuru da naira dubu talatin. Ban kai ba tukuna. Wata tsohuwa kuma ta ce mai ciki in tana ganin biri, ɗan zai zo da kamarsa.

Yanzu ba na cin girkinta, ina kulle ɗaki ko banɗaki zan shiga. Ta lura, na sha kama ta tana kuka a kicin. Maigida bai san komai ba. Anti, mene ne fassarar wannan mafarki? In sa a mayar da ita gida ne?

Baiwar Allah, daga Zariya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raba lafiya.

Zan fara da wadda ta fi tsaya min a rai a wasiƙarki, wato yarinyar da ke kuka a kicin. Ta baro uwarta, ta zo garin da ba ta san kowa ba, tana yi miki wanke-wanke da shara, sai ta wayi gari kin daina cin abin da ta dafa, kina kulle ƙofa idan kin ga inuwarta. Ba ta san laifinta ba. Ke ma in za ki faɗi gaskiya ba ki sani ba, domin shaidarki guda ɗaya ce, kuma a barci kika gan ta. Babu alƙalin da ke yanke hukunci da mafarki, malamai kuma sun daɗe da faɗin cewa mafarkin wanda ba annabi ba, ba a gina hukunci a kansa. Allah ya ce a Suratul Hujurati, aya ta 12, mu nisanci da yawa daga zato, domin wani sashen zato zunubi ne.

Kin tambayi fassara, ba zan kauce ba. Gaskiya ne tsofaffin littattafan fassarar mafarki na Larabci ba su yi wa biri kyakkyawar shaida ba. Sun ce yana iya nufin mayaudari. Sun kuma ce yana iya nufin mutumin da ni'ima ta gushe masa, kokawa da biri tana iya nufin rashin lafiya, cizonsa kuma husuma tsakaninka da wani. Kin ga ma'anoni ne barkatai, maƙwabciyarki ta tsinci guda ta ɗora a kan wadda ta fi kowa rauni a gidan. Littafin da ake sayarwa da sunan Muhammadu Ibn Sirin, tabi'in nan na Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, masu bincike da yawa sun ce ba shi ya rubuta shi ba, na baya ne suka tattara suka jingina masa. Shi kansa ba haka yake fassara ba. Ana ba da labarin mutum biyu da suka zo masa, kowanne ya yi mafarkin yana kiran salla. Ya ce wa ɗaya zai yi aikin Hajji, ɗayan kuma za a kama shi da sata, saboda ya dubi halin kowannensu. Mafarki iri ɗaya, fassara biyu. To ina waya ta san halinki, balle na yarinyar? An ruwaito cewa da aka tambayi Imamu Malik ko kowa zai iya fassara mafarki, cewa ya yi, da annabci ake wasa? Wato mafarki na gaskiya yanki ne na annabci.

Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya raba mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da abin da mutum ke saƙawa a ransa. Naki ni ban ga ya wuce biyun ƙarshe ba. Dubi abin da birin yake taɓawa: kayan jariri. Mace mai ciki wata bakwai, wace fargaba gare ta da ta wuce kada wani abu ya sami abin da ke cikinta? Kuma ke da bakinki kin ce kin tashi kina korar biri daga masara. Tun kina ƙarama, a wurinki biri shi ne mai zuwa ya ɓata abin da aka wahala a kansa ana dab da girbi. Da zuciyarki ta tashi nuna miki tsoronki, da surar da ta sani ta nuna miki shi. Masu ciki kuma an san su da yawan mafarkai masu ƙarfi, musamman a watannin ƙarshe, domin fitsari da motsin ɗa suna yawan tashinsu a tsakiyar barci, wanda ya farka a tsakiyar mafarki kuwa shi ke tuna shi sarai. Muryar da ta ƙi fita ma ba asiri ba ce. A matakin barcin da ake mafarki jiki yakan saki gaɓoɓi su daina motsi, shi ya sa wasu ke farkawa su kasa ko ɗaga hannu, abin da muke kira dannau.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya mana abin yi idan mun ga abin ƙi a barci. Ki yi tofi sau uku ta hagunki, ki nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da kika gani, ki juya ɗaya gefen, in kin iya ki tashi ki yi salla, kada kuma ki faɗa wa kowa. Ya ce ba zai cutar da mutum ba. Wani ya taɓa zuwa masa ya ce ya yi mafarkin an sare kansa yana bin sa a guje, sai ya ce masa kada ya riƙa ba mutane labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi a barci. Bai fassara masa ba, bai ce a nemo wanda ya yi masa asiri ba. Duk wahalar da kike ciki ta faro ne daga ranar da mafarkin ya fita daga bakinki ya shiga kunnen maƙwabciya.

Maganar mai duba kuwa, kada ki sake taka ƙofarsa. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ki yi istigfari, ki riƙe kuɗinki. Dubu talatin ɗin nan ki ajiye ta don ranar haihuwa, za ki buƙace ta. Ki lura kuma da sunan da ya kira: dangin miji. Ya san babu inda magana ke saurin kamawa a zuciyar matar aure kamar nan, kuma in kika yarda, aurenki ne zai biya kuɗin. Batun ɗa ya zo da kamar biri camfi ne zalla. Kamannin ɗa gado ne daga uwa da uba da kakanni, abin da ido ya gani a farke ko a barci ba ya shiga mahaifa.

Dubu biyar ɗinki magana ce daban, kuma ban ce ki share ta ba. Ki ɗaga katifar gaba ɗaya ki duba, ki tambayi maigida ko shi ya ɗauka, ki tuna su wa ke shiga ɗakin. Idan ma a ƙarshe ta tabbata yarinyar ce, to yarinya ce da ta yi kuskure, yayanta zai zaunar da ita ya yi mata faɗa, a kuma tambaya ko akwai abin da take buƙata da take jin nauyin faɗa. Wannan tarbiyya ce, ba ta da alaƙa da asiri. Daga yau kuma ki daina ajiye kuɗi a katifa.

Gumin da kike farkawa da shi ya ɗan dame ni. Idan kin je awo ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya, a gwada ki ko akwai zazzaɓin cizon sauro, domin yana da haɗari ga mai ciki kuma zazzaɓi na kawo munanan mafarkai. Ki karɓi maganin rigakafin da ake ba masu ciki, ki kwana cikin gidan sauro, ki riƙa kwanciya ta gefe maimakon rigingine. Kafin barci ki karanta Ayatul Kursiyyu, ki tofa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu ki shafe jiki sau uku.

Kada ki sa a mayar da ita. Yau da daddare ki ce ta zubo muku abinci a kwano ɗaya ku ci tare. Ki ce mata jikinki ne ya sa kika canza kwanakin nan, ta yi haƙuri, ba ta yi miki komai ba. Shi kuma maigida ki faɗa masa kuɗinki sun ɓata, kina kuma fama da tsoro da rashin barci, ba tare da kin ambaci sunan ƙanwarsa ko danginsa ba. Maƙwabciyar kuwa, ku ci gaba da gaisawa, amma sirrin ɗakinki ya tsaya a ɗakinki.

Allah ya sauke ki lafiya. Ki rubuto min bayan suna in ji yadda kuke ke da yarinyar.

Anti