Tarihin Bosch da batun wanda ya ƙirƙiro fulogi

Malam, ka tambaya ko kamfanin Bosch ne ya ƙirƙiro fulogin mota, da kuma yadda kamfanin ya fara. Robert Bosch ya buɗe ƙaramin wurin aikinsa a Stuttgart ta Jamus a 1886, kuma a 1887 ya ƙera na'urar magneto, wadda take samar da tartsatsin da ke kunna mai a cikin inji ba tare da batir ba. Da farko injinan da ke girke wuri guda aka yi wa ita, sai a 1897 aka ɗora ta a kan abin hawa.

Abin da ya ɗaga kamfanin shi ne aikin injiniyansa Gottlob Honold, wanda a 1902 ya haɗa magneto mai ƙarfin lantarki sosai da fulogi, har injin da ke juyawa da sauri ya samu wuta a kan kari. Fitilu da janareton mota na kamfanin sun biyo baya a 1913, sitata kuma a 1914.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cewa Bosch ne ya ƙirƙiro fulogi, alhali wani injiniya mai suna Étienne Lenoir ya yi amfani da shi a injinsa tun 1860. Bosch inganta shi ya yi har ya zama abin dogaro, wanda a ganina ba ƙaramin aiki ba ne. Haka nan kada ka rikita kamfanin Bosch na Jamus da kamfanin American Bosch, wanda ya samo asali daga kadarorin kamfanin da Amurka ta ƙwace a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Idan tsohon kaya mai tambarin Bosch ne a hannunka kake son sanin shekarunsa ko sahihancinsa, tambarin da ke jiki bai isa hujja ba, sai ka kai wa ƙwararren mai gyaran lantarkin mota ya duba lambarsa.