Gidan haya nake, albashi nake jira, ta ina zan fara dogaro da kai?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni ma'aikaci ne, mu shida ne a gida har da yara huɗu, gidan haya muke ba gona ba dabba. Tun lokacin kullen korona hankalina bai kwanta ba, kullum ina tunanin in wani abu ya sake faruwa ya zan yi da iyali. Ina kallon bidiyon turawa masu haƙa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa suna cika shi da gwangwanaye, ni ko ba ni da wannan ƙarfin. Abokaina kuma sai tsiya suke min wai na rasa tawakkali. Dan Allah ta ina mutum irina zai fara?

Amsa: Wa alaikumus salam malam. Bari mu fara sallamar abokan naka, ka ce su je su karanta ƙissar Annabi Yusuf, shekara bakwai ana noma ana ajiye hatsi a zangarniyarsa saboda shekara bakwai na fari da ke tafe, ai ba wanda zai ce Annabin Allah ne ya rasa tawakkali. Masu ramin ƙarƙashin ƙasa kuma ka rabu da su, da yawansu kaya suke talla. Yawancin masifun da ke samun gida ba tashin duniya ba ne, kwana uku ne ko sati biyu da ruwa ya ɗauke, ko wuta, ko aka rufe hanya, ko albashi ya maƙale. Ranar 28 ga Afrilun 2025 wuta ta ɗauke a kusan duk Sifen da Fotugal, awanni ne kawai amma jiragen ƙasa suka tsaya cak, masu katin banki a aljihu suka rasa yadda za su biya kuɗin kaya. Tun kafin wannan ma Tarayyar Turai take ce wa mutanenta kowa ya tanadi abin da zai riƙe shi awa 72, Suwidin ma sati guda ta ce. To kai ma daga nan za ka fara, kwana uku tukuna, sai sati biyu, sai wata.

Ruwa ne farko, kuma a nan nake ganin mutane suna yin sakaci, sai ka ga gida buhu a jibge amma ba jarka ko ɗaya cike. Mutum zai iya makonni ba abinci, ƙishirwa kuwa kwanaki kaɗan take ba shi. Ƙa'idar da masu aikin agaji ke bi ita ce lita 15 ga mutum ɗaya a rana, sha da girki da tsafta. In sha ne da ɗan abin da ba a rasa ba, lissafa lita 4. Ku shida a kwana uku lita 72 kenan, jarka uku masu lita 25 sun ishe ka, wannan ko a makon nan za ka iya. Ka wanke su tas, kada ka yi amfani da wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi komai wankin da aka mata, ka rufe ka sa a inuwa, ka riƙa juyewa kana sabuntawa duk bayan wata shida.

Amma ajiya tana ƙarewa, abin da ya fi shi ne ka iya gyara ruwan da ka samu. In ya yi dauɗa ka bar shi ya kwanta ka tace da tsumma mai tsafta, sannan ka tafasa, ya yi ɓararraka na minti ɗaya. In ba makamashi, bilic na wanki, wato ruwan sinadarin nan da ake wanke fararen kaya da shi, wanda ba turare a ciki, mai ƙarfin kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari, ɗigo biyu a lita ɗaya, ka jira minti 30. In shi ma babu, ka cika gorar roba fara garau ka kwantar da ita a rana awa shida, in da hadari kwana biyu, hasken ranar ne ke kashe ƙwayoyin cutar, amma fa sai ruwan ya zama garau. Sannan rufin kwanon da ke kanka, ko na haya ne, ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufi mai murabba'in mita 50 in aka yi ruwan milimita 20 kusan lita dubu ce ke bin indararo tana tafiya a banza. Ka bar na farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu, sannan ka tara, ka rufe bakin duron saboda sauro da yara.

Abinci kuma ƙa'ida ɗaya ce, ajiye abin da kuke ci, ku ci abin da kuka ajiye. Hatsi, wake, mai, gishiri, suga. Duk wata in za a yi sayayya ka ɗora ɗan ƙari a kai, ka rubuta kwanan wata a jiki, tsohon a gaba sabon a baya. Babban mutum yana buƙatar wajen kalori 2,100 a rana, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, in hatsi ne ginshiƙi ka sa masa giram 400 zuwa 500, kenan gidanka kilo 70 da ɗan wani abu zai kai ku wata tunda yara ba sa ci kamar manya.

Ni a nan na taɓa shan kunya. Farkon fara wannan aikin na sayi wake na zuba a duro na rufe ina jin kaina, bayan wata huɗu na buɗe, wani wari ya buge ni, saman duk ya yi fumfuna ya dunƙule, ashe bai gama bushewa ba aka sayar min ni kuma ban duba ba. Hatsi sai danshinsa ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin ɗari kafin a rufe shi. Ba sai da na'ura ba, samu kwalba busasshiya ka zuba hatsin da busasshen gishiri ka girgiza ka ajiye ɗan lokaci, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to da saura, mayar da shi shanya. In ya bushe ka sa a mazubin da iska ba ta shiga, ko jarka ka cika ta har wuya ka toshe, ko buhun nan mai leda biyu a ciki da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda ake kira PICS. Ƙwarin da ke ciki su za su shanye iskar su mutu da kansu, ba ruwanka da zuba guba a abin da 'ya'yanka za su ci.

Batun shuka, ba zan yaudare ka ba, lambun tsakar gida ba zai ciyar da mutum shida ba, mutum ɗaya ma hatsin da yake ci a shekara ya haura kilo 150. Amma ka yi. Buhu biyar ko tsofaffin bokitai, ƙasa da takin da ka haɗa daga ɓawon kayan miya, ka sa ganye da tumatir da albasa, kana ba su ruwan ɗauraya wanda ba sabulu da yawa. Ribar ba a kwandon tumatir take ba, hannunka ne zai koya, kuma wannan sai an yi asara sau biyu sau uku ake iyawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kyuba ta gani bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, mai da takin zamani suka yanke, mutanen Habana, babban birnin ƙasar, suka koma noman kayan lambu a kangwaye da filayen cikin gari, sun samu sauƙi amma sai da suka sha yunwa kafin hannu ya faɗa. In za ka ajiye iri ka tambaya, irin haibirid, wato wanda aka samar ta hanyar haɗa iri biyu, 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwar.

Wuta ba sai ka kashe kanka ba. Ƙaramar sola da za ta caja waya da fitila, tocila, rediyo mai batir, da hanyar girki ta biyu wadda ba ta dogara da ta farkon ba. Firji in ba a buɗe shi ba yana riƙe sanyi wajen awa huɗu, firiza cikakkiya kwana biyu. Janareta da gawayi kuwa kada a kunna su a ɗaki rufe, iskar da ke fita ba ta da wari ba ta da launi, a barci take ɗauke mutane. Ka ajiye 'yan tsabar kuɗi ƙananan canji, kwafin takardunku a leda, da maganin mai ciwon suga ko hawan jini na ƙarin sati biyu in akwai shi a gidan. Maiɗakinka da babban yaronka su haddace haɗin ruwan gishiri da suga, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, don gudawa ce ke fara bin yara in ruwa ya lalace.

Sai abin da masu bidiyon ba sa faɗa saboda ba a sayar da shi. A girgizar ƙasar Kobe ta Japan a 1995, mafi yawan waɗanda aka zaƙulo da rai daga ɓaraguzai 'yan uwa da maƙwabta ne suka ciro su, kafin ma'aikatan ceto su iso. A shekarar dai zafi ya kashe sama da mutum 700 a birnin Chicago na Amurka, da yawansu tsofaffi ne da ke zaune su kaɗai ba mai leƙa su. Don haka ni kalmar dogaro da kai ɗin nan ba ta cika min daɗi ba in ana nufin kowa tasa ta fisshe shi. Ka san wa ke da rijiya a layinku, wa ke aikin jinya, wa ya iya gyaran famfo, wace tsohuwa ce ba ta da kowa. Ku huɗu ko biyar kuna iya haɗa kuɗi ku sayi tanki ɗaya ko hatsi a sari ku raba, abin da kai kaɗai sai ka shekara kana tari.

In ka haɗa na kwana ukun, zaɓi wata Asabar ka kashe wutar gidan daga mita, ka ɗaure famfo, ku yini ku kwana a haka da yaran, takarda da biro a hannunka. Ranar da na gwada a gidana ruwan banɗaki ne ya fara ba mu matsala tun kafin azahar, sam ban sa shi a lissafi ba, sannan muka gano tocilan biyu duk batirinsu ya zube a ciki.