Idan ƙwayoyin zarra a kafe suke, ta ina litiyam ke bi?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa a cikin kiristal kowace ƙwayar zarra tana da mazauninta. To yaya aka yi ake cewa litiyam na yawo a cikin litiyam niyobet, wato kiristal na litiyam da niyobiyam da oksijin? Kuma ina ruwan karkarwar ƙwayoyin zarra da wannan?

Amsa: Kafewar nan a zanen littafi kaɗai take. A zahiri kowace ƙwaya karkarwa take yi a mazauninta, wajen sau tiriliyan 10 a daƙiƙa guda, kuma ga litiyam kowace karkarwa yunƙuri ce ta tsallakawa gurbin da ke kusa.

Dubi ginin. Oksijin shida-shida ne ke haɗuwa su yi ɗaki, ɗakunan a jere: wannan na niyobiyam, wannan na litiyam, wannan fanko. Niyobiyam mai nauyin 93 ne da caji 5, ya riƙe oksijin tamau, ba ya zuwa ko'ina. Litiyam kuwa nauyinsa 7, cajinsa 1, shi ne mai ƙafar yawo. Sai dai ƙofar fita matsattsiya ce, tsakanin oksijin uku, ba ya kutsawa sai karkarwa ta ɗan raba su a daidai lokacin da ya yunƙuro da ƙarfi. Kuzarin da ake buƙata ya haura elektaron-bolt 1 (ma'aunin kuzari a matakin zarra), alhali zafin ɗaki bai ba da fiye da kusan 0.025 ba. Shi ya sa ba ka ganin motsin kirki sai an gasa kiristal ɗin zuwa ɗaruruwan digiri.

Gurbin sauka ma ana samu, domin kiristal ɗin da aka fi sayarwa litiyam ɗinsa bai cika ba: kusan kashi 48.6 cikin ɗari na jimillar litiyam da niyobiyam yake, maimakon 50. Karkarwar ce ke tona wannan asiri. Da dabarar auna karkarwa da haske, wadda masanin kimiyya Raman ya gano a Indiya a 1928, akwai layi a sakamakon awon da ke ƙara faɗi gwargwadon ƙarancin litiyam.

Abin da ya fi burge ni shi ne, tsarin ne kansa ke daƙile tafiyar. In aka samar da sinadarin ba tsari, kamar gilashi, ƙofofin sai su bambanta, wasu su yi faɗi, litiyam ya riƙa wucewa ninki-ba-ninki ko a zafin ɗaki. Wannan nau'in ne masu bincike a Japan suka shafa siriri a kan katod, wato ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na batir, a 2007, don batiran da ba ruwa a cikinsu.