Ban iya iyo ba, zan iya nutso a Sharm El Sheikh?

Ɗan'uwa, ka ce za ka yi mako guda a masaukin masu nutso da tukunyar iska a Sharm El Sheikh, garin da ke bakin Bahar Maliya a Masar, amma ba ka iya iyo ba. Za ka iya nutson gwaji: malami na riƙe da kai, ba ku wuce zurfin mita 12. Takardar shaidar PADI (ƙungiyar koyar da nutso) kuwa, mai kai mutum mita 18, sai ka yi iyon mita 200 tukuna.

Abin da zai fara damunka kunne ne. Kana sauka, toshe hanci ka hura a hankali har ka ji "ɓus". In ya ƙi, ɗan hau sama, kada ka matsa.

Ka nemi jirgin ruwa mai zuwa Ras Muhammad, gandun da Masar ta keɓe tun 1983. Bahar Maliya a wurin garau take. Ga ƙananan kifaye ruwan lemo sun lulluɓe murjani, ga kunkuru na wucewa abinsa, ko kallo ba ka ishe shi ba. Kada ka taɓa komai, wani murjanin ƙuna yake yi kamar wuta.

In ka yi nutso fiye da ɗaya, jira awa 18 kafin hawa jirgin sama, saboda iskar naitirojin da ta taru a jikinka.